Matata ce ke ciyar da gida, ni kuma ina ɓoye ciwo: har yanzu ni namiji ne?

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu. Ni magidanci ne, shekarata 39, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Haɗeja da matata da 'ya'ya biyar. Noma na gada. Da rani kuma nakan tafi Legas ci-rani in yi acaɓa. A 2022 na jinkirta dawowa don in ƙarasa biyan kuɗin mashin, sai dokar hana acaɓa ta ritsa da ni, aka kama mashin ɗin, na dawo gida daga ni sai jakar kayana. A daminar kuma ambaliya ta shafe ɗan abin da na shuka.

Tun daga nan na koma dako ranar kasuwa da ƙwadago a gonakin mutane. Yau wajen shekara biyu ke nan da wani kumburi ya fito mini a matsematsi. In na ɗaga kaya ko na yi tari sai ya fito, in na kwanta ya koma. Yanzu ya girma har yana sauka ƙasa. Na sha jiƙo iri-iri a ɓoye, ba sauƙi. Wani mai kemis ya ce mini gwaiwa ce, sai an yi aiki. Ni kuwa na ji ana cewa wanda duk aka yi wa aikin nan ya rabu da mazakutarsa. Kafin in fita aiki sai na haɗiyi tiramol, in ba haka ba ba na kai azahar.

Ba wanda ya sani, har mai ɗakina. Wata takwas rabona da shimfiɗarta don kada ta gani, ita kuma tana zaton aure nake nema. Ita ke riƙe da gidan yanzu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har 'yan majalisarmu suna kirana mijin Hajiya. Kwanan baya ta ce in kai awakinta biyu kasuwa in yi jari. Na daka mata tsawa, babban ɗana ya sa baki, na mare shi. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa cin ƙwayar hatsin mahaifiyata ba. Wani dare nakan kwanta in ce gara a ce ba ni. Yanzu ina shawarar in bi samari wajen haƙar zinare, ko in samo ko in mutu a can da mutuncina. Malam, mutumin da matarsa ke ciyar da shi, har yanzu namiji ne?

*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka wannan ƙunci. Kafin mu taɓo zancen mazantaka da awaki da 'yan majalisa, akwai abin da nake so ka riƙe tun daga yau, domin shi ba ya jiran kowa.

Duk ranar da kumburin nan ya fito ya ƙi komawa ko da ka kwanta, ya yi tauri, yana ciwo mai tsanani, ka fara amai, cikinka ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, to wannan ta wuce jiƙo, ta wuce "bari gari ya waye". Hanji ne ya maƙale a ƙofar da ya bi ya fito, jini ya daina kai masa, kuma cikin 'yan sa'o'i yakan fara mutuwa. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemo mota a kai ka asibitin da ake tiyata. Kada ka ci komai, kada ka sha, kada wani ya danne shi da ƙarfi wai zai mayar.

Ba a takarda na fara sanin wannan ba. Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda a garinmu in ana zancen ƙarfi da shi ake misali. Ranar gayya shi ke fara kai ƙarshen kunyarsa, ya juyo ya taryi na kusa da shi, makaɗa na binsa da kirari. Mun san shi da faffaɗan wando ko da yaushe, da wani ƙyalle da yake tamke ƙugunsa da shi kafin ya ɗauki garma, mu yara muna ɗauka ado ne na manoma. Wata kaka ya yini yana jidar dammunan dawa, da magariba ya shige turaka ya ce ciki ne ya ɗan murɗa masa. Kwana biyu yana ciki, abinci na shiga yana fitowa yadda ya shiga. A dare na uku matarsa ta ji nishi ta katanga, ta rugo ta buga wa mahaifina ƙofa. Ni aka ba fitila, ina ɗan shekara goma sha biyar. Aka ɗaura wa shanu amalanke, muka shimfiɗa shi a kan tabarma muka nufi bakin titi. Abin da ban manta ba har yau, duk ramin da amalanken ya faɗa sai in ga ya cusa bakin bargonsa a baki ya cije, don kada mu ji. Ya isa asibiti da sauran numfashi, bai kai la'asar ba. Likitan ya ce wa mahaifina da bara aka kawo shi, da ƙaramin aiki ne.

A zaman makoki maza suna ta yabo: namijin duniya, har ya tafi bai ce wash ba. A cikin gida kuwa na ji matarsa tana ce wa mahaifiyata, muryarta a dishe: "Da ya ce wash ɗin, ai da yanzu yana nan." Marayu shida ya bari. Ba a yi shekara uku ba ta yi aure a wani gari, yaran suka rarrabu a hannun dangi. Masu yabon nan, ban ga wanda ya kawo musu ko kwanon gero ba bayan sadakar arba'in.

Da na karanta wasiƙarka, bargon nan na gani a bakinka. Shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da abin da likitoci ke gani kullum a asibitocinmu. Bangon ciki yana da wani wuri mai rauni a matsematsi, musamman ga maza, sai hanji ya riƙa turo kai ta nan in an yi nishi ko an ɗaga nauyi. Mutane kan haɗa su duka su ce gwaiwa ko ƙaba, amma akwai wadda hanji ne ke saukowa, akwai wadda ruwa ne ke taruwa a maraina, kuma likita ne zai bambance da ya duba. Ba jifa ba ne, ba sakayyar wani zunubi ba ce, ba kuma alamar ragwanci ba ce, don ma'aikatan ƙarfi ta fi bayyana a jikinsu. Irin ta hanji ba ta warkewa da saiwa ko sassaƙe, tun da ƙofa ce ta buɗe a jikin nama, sai an ɗinke. Kuma kullum ƙara faɗi take yi. Aikin da ake yi cikin natsuwa, an sa rana an shirya, galibi ba ya wuce awa guda, sau da yawa ma ba a sumar da mutum gaba ɗaya, allura ake yi a kashe wurin ko a kashe daga ƙugu zuwa ƙasa. Wasu a ranar suke komawa gida, wasu su kwana ɗaya ko biyu. Bayan nan sai ka kiyaye ɗaukar kaya masu nauyi na wajen mako huɗu zuwa shida, ko yadda likitanka ya ce. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa suna yin sa. Aikin da ake yi da tsakar dare bayan hanji ya maƙale kuwa wani abu ne dabam: ya fi haɗari, ya fi tsada nesa ba kusa ba, wani lokaci har sai an yanke wani yanki na hanjin.

Zancen cewa aikin yana kashe mazakuta, na san shi, a bakin mai shayi da gindin bishiya ake yaɗa shi. Kowace tiyata tana da nata haɗarin, kuma haƙƙinka ne ka zauna ka tambayi likitan dalla-dalla kafin ka sa hannu. Amma bangon ciki ake gyarawa, kuma maza bila adadin an yi musu sun koma ga iyalinsu, sun ci gaba da haihuwa. Na tabbata a masallacinku akwai wanda kuke haɗa sahu da shi yana da tabon a ƙasan cibiya, bai dai faɗa ba, kamar yadda kai ma ba ka faɗa ba. Ka kuma duba da kyau: abin da kake tsoron tiyata za ta raba ka da shi, ciwon ya riga ya raba ka da shi wata takwas. In kunyar tuɓewa ce, ka ce kana son ma'aikaci namiji ya duba ka, ba wanda zai ga baikenka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai ƙwayar nan. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi, toshe maka kunne yake yi daga kukan da jikinka ke yi, sai ka ɗauki buhun da bai kamata ka ɗauka ba, ƙofar tana ƙara yagewa ba ka ji. Yana busar da ciki, ka yi ta nishi a bayan gida, nishin kuma shi ne abokin gwaiwa. Yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi, in aka yawaita yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Babban tsorona shi ne ranar da hanjin zai maƙale ka haɗiyi biyu ka ce zai wuce. Ka gaya wa likita gaskiyar nawa kake sha a rana da tun yaushe, domin mai yi maka allurar aiki yana bukatar sani, kuma wanda ya daɗe yana sha a hankali ake janye shi, ba a yanke masa rana ɗaya.

To, mu dawo kan tambayarka, wadda na san ita ce ta fi ciwon cin ranka.

Ka ce mahaifinka bai taɓa cin ƙwayar hatsin mahaifiyarka ba. Allah ya jiƙansa. Amma ka tuna a wane irin gida ya yi magidancinsa. Iyayenmu a gandu suka tashi: uba da 'ya'yansa da ƙannensa a gona ɗaya tun sassafe, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, da yamma kowa ya leƙa gayaunarsa. Mai gandu ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. In ɗaya ya kwanta ciwo 'yan'uwansa sun nome kunyarsa, tukunyar matarsa ba ta ma san an yi ba. Yau gonar da kakanka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, kowa ya tsaya a kan ɗan tsirinsa, ƙasar ta gaji sai da takin zamani, takin kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na noma da sufuri ya yi tashin gwauron zabo. Kai kuma a shekara ɗaya gwamnatin Legas ta rufe maka ƙofar rani, kogin Haɗeja ya rufe maka ta damina. Mahaifinka da 'yan'uwansa a bayansa ya ɗauki kayan da kake son ɗauka kai kaɗai, da hanji a waje. Kana auna kanka da mudunsa alhali rumbun ba ɗaya ba ne.

Sannan, ƙanena, ka yi mini haƙuri in faɗi abin da 'ya'ya maza ba mu cika sani ba game da iyayenmu mata. A farin 1973 ina yaro, rumbunmu ya ƙare tun kafin a yi shuka. Ba mu kwana da yunwa ba, ni kuma na tashi ina alfahari cewa mahaifina ne ya fitar da mu. Sai bayan rasuwarsa, muna hira da mahaifiyata, na tambaye ta ina manyan tasoshin nan na jerenta da na sani ina ƙarami. Ta yi shiru, sannan ta ce ai su muka ci a shekarar fari. Ɗaya bayan ɗaya take naɗe su a zane bayan isha'i ta ba dillaliya, kuɗin kuma ta tura ƙarƙashin buzun mahaifina, da safe ya fita ya auno dawa ya shigo da ita a ka, kowa na gani. Shi ya sani, ita ta sani, mu da gari ba mu sani ba. Ban san cikin gidanku ba, amma na san ƙauye. Akuyar mace da tunkiyarta da kuɗin adashinta su ne bankin da gidaje suka daɗe suna jingina da shi in marka ta yi marka, hatsi ya yi ƙasa. Abin da iyayenmu mata suka ƙware a kai shi ne rufin asiri, har 'ya'yansu suka girma suna rantsuwa ba a taɓa yi ba. Mai ɗakinka da ta ce ka kai awakinta kasuwa, ita ma tasoshinta ta naɗo maka. Ba ta kai ƙararka gidansu ba, ba ta yi maka gori a tsakar gida ba. Kai ta ba, don ka fita da igiya a hannunka gari ya ga kai ne mai sayarwa.

Ka kuma duba addinin da muke tinƙaho da shi. Gaskiya ne ciyarwa a wuyan miji take, kuma Allah ya kira maza masu tsayuwa a kan al'amuran mata a Suratun Nisa'i. Amma a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da ya ba shi. Dukiyar mace tata ce, ba ka da ikon taɓawa ba da yardarta ba. In kuwa ta bayar da daɗin rai, ko sadakinta ne Alƙur'ani ya ce a ci da daɗi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai sana'ar hannu ce, mijinta kuma ba mai hali ba ne. Ta aika aka tambayar mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta zai zame mata sadaka, ya ce lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Wannan Ɗan Mas'ud ɗin ne fa da ake ɗaukar karatun Alƙur'ani a bakinsa. Ba a taɓa jin wani sahabi ya kira shi mijin Hajiya ba. Kukan da kake haɗiyewa kuma, wanda ya fi kowane namiji ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a gaban mutane, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wannan dokar ta "namiji ba ya cewa wash" mu muka kafa wa kanmu ita a dandali da fagen dambe. Tana da ranarta, ranar da kura ta shigo garke ko gobara ta tashi. Ba a yi ta don mutum ya ɓoye wa matarsa ciwon da zai mayar da ita bazawara ba.

Amsata ke nan: har yanzu kai namiji ne, kai ne maigidan. Wanda ya yi shekara biyu yana dako da wannan ciwo don yara su ci ba rago ba ne. Inda na ga ka fara sauka daga kan tsayuwar da Allah ya ɗora maka wuri biyu ne, kuma ba aljihunka ba ne ko ɗaya. Na farko, ka bar baiwar Allah wata takwas tana juyi a shimfiɗa tana tambayar kanta laifin da ta yi, tana kasa kunne ko za ta ji an kai kuɗin wata. Tana tuƙin ƙuli tun asuba da wannan a ranta. Shimfiɗa haƙƙinta ce, sanin dalilin da ya hana ta ita ma haƙƙinta ne. Na biyu, marin yaron nan. Uwarsa ya tsaya wa, abin da kai ka koya masa ke nan da kake lafiya. Fushin da ka kasa saukewa a majalisa shi ka kawo gida ka sauke a kan waɗanda ba za su rama ba. Haka abin yake farawa a gidaje da yawa, daga tsawa sai mari, daga mari sai abin da ba a fata, kuma yaron da ya sha ya girma ya ɗauka haka maza suke yi.

Ka fara da mai ɗakinka, kuma a daren yau in da hali. Bayan yara sun kwanta ka yi sallama a ƙofar ɗakinta ka zauna. Ba sai ka tsara dogon jawabi ba. Ka ce: "Ba aure nake nema ba, ba kuma wani laifi kika yi mini ba. Ciwo ne da ni shekara biyu, kunya ta hana ni faɗa miki. Ki yafe mini." In bakinka ya yi nauyi, ka kama hannunta ka nuna mata wurin. Matar da ta haifa maka 'ya'ya biyar ba baƙuwar jikinka ba ce. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin faɗa don ka ɓoye mata, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Na fi zaton a ƙarƙashin faɗan za ka ga ajiyar zuciyar wadda aka sauke wa dutse. Da safe kuma ka kira yaron, ku tafi gona ko masallaci tare, ka ce masa ka yi kuskure ranar nan, kuma ka ji daɗi da ya tsaya wa mahaifiyarsa. Girmanka ba zai ragu a idonsa ba, kuma zai riƙe wannan safiyar har ya yi furfura.

Awakin kuwa ka karɓa, amma ba don jari ba tukuna. Jikinka shi ne jarin gidan nan. Ka je asibiti a duba ka, a faɗa maka kuɗin aiki da na magani, sannan ku zauna ku yi lissafi tare. In zuciyarka ba za ta natsu da kyauta ba, ka karɓa a matsayin rance, ka kira wanta ko liman ya shaida cewa akuya biyu ce a kanka, za ka mayar bayan kaka. Wannan ya halatta, kuma zai ba ka abin da za ka tashi dominsa. Ka tambaya a asibitin ko kana iya shiga shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, ka kuma riƙa sauraron rediyo, don lokaci-lokaci akan yi sanarwar aikin gwaiwa kyauta. In ya zo daidai, alhamdu lillahi. In bai zo ba kada ka zauna jiransa. Ka nemi a sa maka rana cikin rani, yadda kafin ruwan shuka ya sauka ka warke sarai. Daga yau har ranar kuma ka ajiye dako.

Zancen ramin zinare ka cire shi daga ranka. Aiki ne na haƙa da jan buhunan ƙasa daga rami, a daji, nesa da asibiti, a wuraren da da yawansu ba su da tsaro, kuma can ne ƙwayar da nake roƙonka ka bari ta fi yawo. Kai da kanka ka rubuta "ko in mutu a can". Wannan da maganar da kake yi wa kanka da dare, cewa gara a ce ba kai, ban ɗauke su da wasa ba. Damuwa mai nauyi ciwo ce kamar gwaiwa, tana kama mazan ƙauye kamar yadda take kama na birni, kuma ana maganinta. Ka faɗa wa likitan da zai duba ka wannan ma, da irin kalmomin da ka faɗa mini. Ka zaɓi namiji ɗaya, wa ko amini ko liman, wanda ka san cikinsa na riƙe magana, ka buɗe masa. Duk daren da tunanin ya yi maka nauyi kada ka kwana kai kaɗai, ka tashi mai ɗakinka ko ka buga wa mutumin nan waya, kuma maganin feshi da ke gidan ka ba wani ya ajiye maka a wajensa. 'Ya'yanka biyar ba su da wani uban a ajiye.

'Yan majalisa ba zan ɓata dogon lokaci a kansu ba. Rabin masu kiranka mijin Hajiya da kuɗin furar matansu suka sha shayin da ke hannunsu, kowa dai ta ciki na ciki. In wurin ya zame maka inda ake yanka ka kullum, ka rage zama. In kuma wani ya sake faɗa, ka dube shi ka ce Allah ya ba kowa mace tagari irin taka, ka ci gaba da abin da kake yi.

Akwai kuma makonnin da za ka yi ba ka ɗaukar nauyi, kada ka yi su a kwance kana ƙirga azara. Mai ɗakinka a gida take sana'a, wanda ke nufin a hannun 'yan sari take sayen gyaɗa da tsada, yara mata kuma su ke yawon talla da man da ƙulin. Kai ka san kasuwa, ka yi shekaru kana ciniki da mutanen Legas. Ka je ranar kasuwa ka auno mata gyaɗar a farashin kaka, wani ya ɗora maka a mota. Ka nemo mata masu tsire da masu ƙosai da za su riƙa ɗaukar ƙuli da mai a tsaye, ka riƙe lissafin bashi. 'Yarka ta ajiye farantin talla ta koma aji. Ku yi magana a fili tun farko kan wane kaso ne nata, wane ne ladan wahalarka, don jarin nata ne kuma kada wata rana a ce ka cinye. In ka warke, ga noman rani nan a fadamun ƙasarku, ko haya ce ka kama ɗan wuri. A gonarka ta damina kuma, ka je wajen 'yan'uwanka da abokan da ka taɓa nome wa kunya ka kira gayya. Sai ka faɗa za su san kana bukata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na ƙarshe, kafin ka kwanta yau ka karɓi lambar wayar mai motar da ya fi kusa da ku, ka sa a wayarka da ta mai ɗakinka, ka karanta mata alamomin nan da na lissafa a farko har ta riƙe su. In ka dawo daga asibiti ka rubuto mini abin da likita ya ce da ranar da aka sa. Ina jira, kuma kana cikin addu'ata. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunka.